Sabar Suna: Wacce Ake Nufi?

A ƙaramin ofis, da zarar shafi ya ƙi buɗewa sai ka ji ana cewa netwok ya ɗauke. Sau da yawa kuwa netwok na nan lafiya lau. Aika ping zuwa 8.8.8.8, amsa ta dawo nan take. Aika zuwa google.com, shiru. Hanya a buɗe take, wanda zai mayar da suna lamba ne ba a samu ba. Mai gyara ya ce matsalar DNS ce, sabar suna ta lalace. To, wace sabar? Na'urori masu aiki daban-daban ne ke amsa wannan suna guda, shi ya sa ake yawan gyara inda ba a ɓata ba.

Kafin 1983 babu wannan ruɗani. Sunayen kwamfutocin ARPANET duka a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar SRI ta Kalifoniya ke kula da shi, kowa ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi wa fayil ɗin yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka rarraba aikin. Fayil ɗin bai mutu ba: har yau akwai hosts a Windows da Linux, kuma galibi shi ake fara dubawa. Layi ɗaya da wani ya rubuta a ciki ya manta na iya sa kwamfuta ɗaya tak ta riƙa ɓata hanya.

A DNS kuwa, saba ta farko ita ce mai iko da suna. Kamar mai unguwa take: rajistar gidajen unguwarta na hannunta, abin da ta faɗa shi ke nan, amma ba ruwanta da wata unguwa. Ta biyu 'yar aike ce. Ba ta mallaki suna ko ɗaya ba. Tambaya take bi, daga sabobin tushe masu sunaye 13, A zuwa M, zuwa masu riƙe da .com ko .ng ko .ne, har ta iso ga mai iko, sannan ta ajiye amsar na ɗan lokaci. Tsohuwar manhajar BIND ta jami'ar Berkeley tana iya yin aikin biyu, wannan ma ya ƙara cakuɗa su a bakin mutane. Rautar da ke kan tebur kuwa yawanci miƙa tambaya kawai take yi ga sabar kamfanin sadarwa. A Ubuntu ma za ka buɗe resolv.conf ka tarar da 127.0.0.53, wato kwamfutar ce ke tambayar kanta kafin ta tambayi wani.

Saboda haka tambayar kirki ita ce: wa ya ba da amsar? Da manhajar dig ana sa alamar @ gaban adireshin saba a tambaye ta kai tsaye. Tambayi rauta, tambayi 'yar aike irin 1.1.1.1, tambayi mai iko, ka gwada amsoshin. In ka ga haruffa aa a saman amsa, daga bakin mai iko ta fito.

Kalmomin kuskure ma ba ɗaya ba ne, ko da yake burauza kan haɗe su a saƙo guda. NXDOMAIN amsa ce cikakkiya: an je, an tambaya, an ce babu mai wannan suna. Duba rubutunka, ko ka duba ko rajistar sunan ta ƙare. SERVFAIL na nufin 'yar aike ta yi ƙoƙari ta kasa, ko mai iko ba ta amsa ba, ko sa hannun DNSSEC bai inganta ba. REFUSED na nufin ta ji ka sarai, ba za ta yi maka aiki ba ne. In kuwa shiru ne har lokaci ya ƙare, nemi abin da ya toshe tashar 53 ta DNS.

Kalmar da ta fi ba ni haushi ita ce "yaɗuwa". An canza adireshi, sai a ce a jira ya yaɗu a duniya. Babu abin da ke yaɗuwa. Kowace amsa na ɗauke da wa'adinta, TTL, a daƙiƙoƙi. 86400 kwana ɗaya ke nan. 'Yan aike na riƙe da tsohuwar amsa har wa'adin ya cika. Wanda ya gane haka tun kafin ranar canji yake rage TTL, ba ya zaman jira. Amsar "babu" ma ana ajiye ta, shi ya sa sabon suna kan ƙi aiki a wurin wanda ya yi gaggawar gwada shi tun ba a ƙirƙira ba.

Sai sunan da ake raɗa wa netwok na cikin gida. Shekaru da dama ofisoshi na amfani da .local, amma a 2013 aka keɓe shi a hukumance ga mDNS, tsarin da firinta da na'urorin Apple ke sanar da kansu ba tare da saba ba. Kwamfuta na iya ƙin kai irin wannan suna ga sabarka sam. Masu .dev ma sun ji jiki bayan Google ta mallake shi, Chrome ya tilasta masa HTTPS a 2017. A 2018 an ware home.arpa don gidaje, a 2024 ICANN ta keɓe .internal. Ofishin da ke da sunansa na rajista kuwa, ya yanki reshe a ƙarƙashinsa ya ba na'urorin ciki.