Daga Bakin Kwara Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a ajin tarihi tare da mu ya san labarin Mungo Park da na 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, waɗanda suka sauka Birnin Yauri a 1830. Abin da nake so in ƙara a wannan fitowa shi ne, a zamanin da Turawan Ingila ke neman inda Kwara ta ƙare, a zamanin ne kuma suke neman hanyar jirgin ruwa ta cikin tekun ƙanƙara da ke arewacin Kanada. Mutum guda, John Barrow, sakatare a ofishin sojan ruwan Ingila, yana da hannu a aikin biyu.

Daga cikin waɗanda aka aika har da wani hafsa mai suna George Lyon. A 1819 ya taso daga Tarabulus tare da Joseph Ritchie da niyyar su ƙetare Sahara su iso Kwara, amma ba su wuce yankin Fezzan ba, domin Ritchie ya rasu a Murzuk a watan Nuwamba na wannan shekara. Lyon ya koma gida, sai ga shi a 1821 an ba shi jirgin Hecla, ya bi William Parry mai jirgin Fury zuwa ƙasar ƙanƙara.

Mu da muke kukan jaura idan hunturu ya kama, har masunta su yi jinkirin fita tafki sai rana ta ɗaga, ya kamata mu ji yadda zaman can yake. A watan Oktoba na 1821 teku ya daskare ya riƙe jiragen biyu, bai sake su ba sai Yulin 1822. Da sanyi ya sake zagayowa suka yi zango a Igloolik, inda rana kan ɓace makonni ba ta leƙo ba. Wanda ya taɓa ƙarfe da hannu tsirara, fatarsa na iya liƙewa. Rashin ɗanyen abinci kuma yakan jawo ciwon da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora, shi ya sa ake ba kowa ruwan lemun tsami. Bayan sanyi akwai kaɗaici da zaman banza, don haka Parry ya buɗe makarantar dare a cikin jirgi inda matuƙa ke koyon karatu da rubutu, Lyon kuma ya riƙa shirya masu wasan kwaikwayo.

A farkon Fabrairun 1822 sai ga mutanen ƙasar, waɗanda ake kira Inuwit, sun yi sansani kusa da jiragen. Turawa suka ga mata da yara suna zaune lafiya a ɗakunan da aka gina da tubalin dusar ƙanƙara. Fitilarsu ta dutse ce, man da take sha kitsen wata dabbar teku ne mai ɗan kama da ayu, kuma ita ce murhu, ita ce mai busar da tufafi. Rigunansu na fata ne ruɓi biyu, karnuka kuma ke jan kayansu a kan ƙanƙara. Lyon ya shiga cikinsu, ya ci abincinsu, ya yi tafiya da karnukansu. Wata mace mai suna Iligliuk ta zana wa Parry taswirar gaɓar teku, wadda ta taimaka masa ya kai ga mashigin da har yau ke ɗauke da sunan jiragen nan biyu. Sun koma Ingila a 1823.

Darasin bai zauna a kunnen manya ba. A 1845 John Franklin ya shiga wannan yanki da jirage biyu da mutum 129, dogaronsu duk a kan kayan da suka ɗauko daga gida, kuma babu ko ɗaya da ya dawo. Sai a 2014 da 2016 aka gano jiragen a ƙarƙashin ruwa, labarin baka na Inuwit kuwa na cikin abin da ya nuna wurin. Roald Amundsen na Norwe, wanda ya zauna da Inuwit ya koyi suturarsu da sarrafa karnuka, shi ne ya fara ratsa hanyar tsakanin 1903 da 1906.

A ganina abin da ya sami Franklin shi ya sami Mungo Park a ƙofar gidanmu. A Yauri ya rabu da tafintansa kuma ja-goransa, Amadi Fatuma, a farkon 1806, ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwa ko harshen mutane ba, ya halaka a duwatsun Bussa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Waɗannan duwatsu yanzu suna ƙarƙashin tafki. Da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungaye da yawa, aka tayar da mutum sama da 40,000. Gungawa da Sarkawa da suka san kowace hanyar kwale-kwale da kowane dutse a tsohon kogi, kaɗan suka rage, kuma duk sun tsufa. Inuwit sun riƙe labarinsu sama da shekara 160 har ya yi amfani. Namu fa, wa ke riƙe da shi?

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya tamu mai albarka, musamman 'yan'uwa da ke Yelwa da Ngaski da Wara da Shanga, kowa ya ware rana ya zauna da dattijon unguwarsu, ya rubuta sunayen gungayen da suka nutse da abin da aka sani game da su, a tara a ɗakin karatun makarantarmu don ƙannenmu. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara mana zumunci, amin.