Haruffan Ibrananci da Launuka a Kabbala: Tantance Asalin Wani Jadawali

Tsakure

Wannan maƙala tana bincika dangantakar haruffan Ibrananci da launuka a cikin ilmin baɗini na Yahudawa da ake kira Kabbala, kuma tana kafa hujja cewa malaman farko sun jingina launi ga sifofin Ubangiji ne, yayin da jadawalin da ke bai wa kowane harafi launinsa ya zo daga baya ƙwarai, daga hannun waɗansu Turawa masu sha'awar sihiri.

Haruffa

Madogara ta farko ita ce Sefer Yetzira, ƙaramin littafi da masana suke ƙiyasta rubuta shi tsakanin ƙarni na 3 da na 6 Miladiyya, wanda Sa'adiya Ga'on, mutumin Fayyum ta Masar, ya yi wa sharhi da Larabci a shekarar 931. Littafin ya tafi a kan cewa an ƙagi duniya ta hanyoyin hikima 32, wato sefirot 10 da haruffa 22, sannan ya kasa haruffan kashi uku: iyaye uku, alef da mem da shin, masu wakiltar iska da ruwa da wuta, masu lafazi biyu guda bakwai, da aka haɗa da taurari bakwai da ranakun mako, sai sauran 12, masu tafiya da buruji da watannin shekara. Wanda ya san hisabin abajada, ko ya taɓa leƙa Shamsul Ma'arif na al-Buni, ba zai ji baƙunta a nan ba, domin kowane harafi yana ɗauke da adadi a Larabci da Ibrananci duka. Abin lura shi ne, duk da yawan abubuwan da littafin ya rataya wa haruffa, daga gaɓoɓin jiki har zuwa kusurwoyin duniya, bai raba musu launuka ba.

Launuka

Launi ya sami gindin zama ne a littafin Zohar, wanda ya bayyana a Kastiliya ta ƙasar Sifen a ƙarshen ƙarni na 13, da harshen Aramiya, kuma galibin masu tahƙiƙi suna danganta mafi yawansa ga Musa de Leon, wanda ya rasu a 1305. A can, inda sefirot ke nufin sifofin Ubangiji 10, fari alama ce ta Hesed, sifar rahama, ja ta Gebura, sifar hukunci, kore kuma ta Tiferet mai sulhunta su. Marubucin ya umarci almajiri ya dubi harshen fitila da kyau: zai ga shuɗin haske mai duhu-duhu manne da lagwani, yana cin abin da ke ƙarƙashinsa, da farin haske natsattse a bisansa, ya kuma fassara na ƙasan da Malkut, sifa ta goma, wadda ta fi kusa da halitta.

Inda harafi da launi suka haɗu

Moshe Idel, a bincikensa na 1988, ya fito da waɗansu rubuce-rubucen hannu da ake jinginawa ga Dawuda ben Yahuda he-Hasid, malamin da ya rayu wajen shekarar 1300, masu koyar da cewa mai addu'a ya sawwara haruffa huɗu na Sunan Ubangiji a zuciyarsa da launin sifar da yake fuskanta, tare da gargaɗin cewa sifar kanta ba a halatta a sawwara ta ba, sai dai suturarta. Ma'ana, haruffan ba sa canzawa, launin ne ke sauyawa gwargwadon buƙata, kuma wannan, a ganin mai wannan maƙala, shi ne mabuɗin mas'alar baki ɗaya.

Musa Kordobero na Safad, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1570, ya ware babi na 10 na littafinsa Pardes Rimonim ga launuka, inda ya fara da kore tajsimi, yana mai cewa launi majazi ne, tunda abin da ba jiki ba ba ya ɗaukar rini, kamar yadda ya misalta a wani wurin da ruwa, wanda ba shi da launi sai na kwalbar da aka zuba shi. Amma duk da haka bai musanta tasirinsa a aikace ba, domin ya ambaci cewa mai neman jawo rahama yakan sa fararen tufafi, mai neman hukunci ya sa jajaye ya sawwara Sunan da ja, ya kuma haɗa wannan da aikin marubuta layu. Ba duka malamai suka yarda da irin wannan tasarrufi ba. Musa bin Maimun ya riga ya zargi marubuta layu da wauta a Dalalatul Ha'irin, kuma Hayyim Bital ya ruwaito cewa shehinsa Ishaƙu Luriya ya hana aiki da sunaye, saboda tsarkin da ake buƙata ya yanke tun da aka rasa tokar jar karsanar da ake tsarkaka da ita.

Jadawalin Turawa

Tsarin da ya cika littattafan kasuwa a yau, inda ake cewa alef rawaya ne, mem shuɗi, shin ja, ya fito ne daga ƙungiyar Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888, wadda ta gina a kan zanen bishiyar sefirot na Athanasius Kircher, da kuma haɗin da Eliphas Levi ya yi tsakanin haruffa 22 da katunan duba na tarot. Aleister Crowley ya buga jadawalin a 1909 cikin littafinsa 777, da sahun launuka huɗu. Aiki ne mai tsari, wanda ya cancanci nazari a matsayinsa na tarihin sihirin Turai, sai dai isnadinsa bai kai Safad ba, balle Kastiliya, kuma duk mai binciken da ya fassara Zohar ko Pardes Rimonim da shi ya ɗora wa malaman nan maganar da ba su faɗa ba.