Jar akuyar Maraɗi: abin da mai son fara kiwo a gida ya kamata ya sani

A biranen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ma'aikata da ƴan kasuwa da yawa suna sayen fili a bakin gari don su zuba ƴan bisashe. Mafi yawansu da awaki suke farawa, saboda akuya ba ta da tsadar saniya, kuma tana saurin haihuwa. Sai dai da yawa daga cikin sabbin masu kiwo sukan yi asara tun shekarar farko, kuma galibi ba wajen saye matsalar take ba. Rashin tanadin abincin rani ne ke karya su.

Asalinta da siffarta

Jar akuya ta fi yawa a kudancin jahar Maraɗi, wajen Tasawa, Madarumfa da Gidan Rumji, har zuwa ƙasar Sakkwato a Najeriya, inda ake kiranta jar akuyar Sakkwato. Gajera ce idan an kwatanta ta da doguwar akuyar arewa. Gashinta gajere ne, ja mai sheƙi, kuma babbar mace takan kai kilo 25 zuwa 30. An san ta da yawan haihuwar tagwaye da kuma nono mai kyau. Fatarta ta yi suna tun zamanin fatake, lokacin da ayari ke ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Turawa sun riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su. A shekarar 1963 aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi don kare wannan iri da yaɗa shi.

Yadda ake zaɓe a kasuwa

Mai farawa ya tsaya a kan mata biyu ko uku. Ba dole ba ne ya sayi bunsuru, ana iya aro wajen maƙwabci. Ya tafi kasuwa tare da wanda ya san dabba, kada ya dogara ga bakin dillali kaɗai.

Haƙora ne ke faɗin shekaru. Akuya tana da haƙoran gaba takwas a ƙasa, ba ta da su a sama. Takan yi famfarar biyun tsakiya tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma duka takwas ɗin sukan canza idan ta kai wajen shekara huɗu. Mai manyan haƙora biyu ko huɗu ita ce ta saye, domin haihuwarta tana gaba. A duba ido da hanci kada a ga ruwa ko majina, a ɗaga wutsiya kada a ga alamar zawo, a taɓa hantsa a tabbatar kan nono biyu ne lafiyayyu. Idan an kawo ta gida, a ɗaure ta ita kaɗai na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da wasu.

Wurin kwana

Akuya tana jure zafi, amma ba ta jure laima. Rumfa mai inuwa, ƙasa mai ɗan tudu da ruwa ba ya kwanciya, da shara a kai a kai sun wadatar. A rataye ciyawa ko a sa ta a kwando, domin akuya ba ta cin abin da ta taka. Kashin da aka share taki ne mai kyau ga gona da garka.

Abinci: inda ake ci ko a faɗi

Akuya mai kilo 25 tana buƙatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana. Daga Nuwamba zuwa Yuni wata takwas ne, wato kwana 240. Ke nan awaki uku za su ci fiye da kilo 700 kafin sabuwar ciyawa ta fito. Wanda ya yi wannan lissafi zai sayi harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka, lokacin da suke da araha, ya ɗora su a kan rumfa ko soro inda gara da ruwa ba za su kai ba. Wanda ya bari sai bazara zai saya da tsada, ko kuma ya sayar da akuyarsa a rame.

Ana ƙara mata dussa, musamman mai ciki da mai shayarwa, tare da ƴaƴan gawo, ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta safe da yamma. Abubuwa uku ne ke yawan kashe akuyar gari: leda, wadda ke taruwa a tumbi har dabba ta rame ta mutu, hatsi ko sauran tuwo mai yawa a lokaci guda, wanda ke kumbura ciki, da gyauron dawa, wanda ke da guba. Sakin akuya ta yi yawo a bola ba kiwo ba ne. Da damana kuma, ɗaure ta a turke yana hana rigima da manoma da biyan tara.

Haihuwa

Kada a bari a barbari ƴar akuya kafin ta kai wata takwas zuwa goma, ko da ta nuna tana so. Mace takan nemi namiji kusan kowane kwana 21, tana kuka tana kaɗa wutsiya. Ciki wata biyar ne, kimanin kwana 150. Idan ana ciyar da ita da kyau, tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Ɗan da aka haifa ya sha dakashi tun sa'o'in farko, domin shi ne garkuwarsa daga cuta. Ana yaye shi wajen wata uku. A riƙa canza bunsuru don kada ya barbari ƴaƴansa, abin da ke raunana iri.

Lafiya

Cuta mafi haɗari ita ce annobar ƙananan bisashe da likitocin dabbobi ke kira PPR. Alamunta su ne zazzaɓi, majina, gyambo a baki da zawo, kuma tana iya share garke cikin ƴan kwanaki. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma ma'aikatan kiwo na gwamnati sukan fita shaushawar bisashe kowace shekara. A ba da maganin tsutsar ciki a farkon damana da ƙarshenta, a riƙa duba kaska da ƙazuwa. Dabbar da ta ƙi cin abinci a ware ta, a kira ma'aikacin kiwo, maimakon sayen allura a tebur.

Riba

Riba ba ta zuwa a watannin farko. Ƴaƴa maza ake sayarwa, musamman gabanin salla ko lokacin suna da biki, a bar mata su ƙara garke. Wanda ya fara da mata uku, ya tanadi harawa da kaka, ya yi shaushawa a kan lokaci, yana iya ganin garkensa ya ninka kafin shekara ta biyu ta ƙare.