Izinin Buɗe Gidan Jinyar Masu Taɓin Hankali a Burkina Faso

'Yan'uwa a Zangon Wagadugu suna yawan tambayarmu ko jama'ar masallaci za su iya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali da 'yan ƙwaya. Za su iya, amma sai da izinin Ma'aikatar Lafiya, bisa Dokar Lafiyar Jama'a ta 1994. Izinin hawa biyu ne: na kafawa, sannan na buɗewa bayan an duba gini, kayan aiki da takardun ma'aikatan jinya.

Ruƙya halal ce, amma ba ta maye gurbin wannan takarda, balle ta halatta sa wa bawan Allah mari. Ba mu manta da Rigasa ta Kaduna ba, inda a Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu a ɗaure.

Kafin izini ya fito, a kai maras lafiya sashen masu taɓin hankali na asibitin Yalgado.