Fiɗar Fatar Ido: Asalinta da Tarihinta

Fiɗar fatar ido aiki ne na likita wanda ake yi domin a rage fatar da ta saki ta rufto a kan ido, ko a cire kitsen da ya turo ya kumbura a ƙarƙashinsa, ko dai saboda abin ya tare wa mutum gani, ko kuwa don neman gyaran fuska kaɗai. Likitocin Turai suna kiranta bilefarofilasti. Sababinta ba ɓoyayye ba ne, domin idan shekaru suka ja fata takan rasa danƙonta, tantanin da ke tokare kitsen kwarmin ido ya yi rauni har kitsen ya sami hanyar turowa gaba, wasu kuma gado ne a gare su tun suna da ƙuruciya. Abin da marubuta ba su yi ittifaƙi a kansa ba shi ne mafarinta, gama wasu suna farawa da shekarar 1818 a Jamus, wasu suna danganta ta ga Ibn Sina, wasu kuma ba su ƙidaya kome sai daga farkon ƙarni na 20 a Amurka. Wannan saɓani ya taso ne daga cakuɗa abubuwa biyu, wato tarihin yankan kansa, wanda ya kusa shekara dubu biyu, da tarihin yin sa domin ƙawa, wanda bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Daɗaɗɗen bayani da ya iso gare mu cikakke shi ne na Selsus, marubucin Rum na ƙarni na 1 Miladiyya, a cikin littafinsa na ɗibbu. Ya ce majinyaci ya rufe ido, likita ya tsunkuli fatar sama da yatsunsa ya ɗaga domin ya ƙiyasta abin da za a yanke, sa'an nan ya zana iyakarsa da tawada. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan aka yanke da yawa ido ba zai rufu ba, idan kuwa aka yanke kaɗan an wahalar da mutum a banza. Wannan awo da yatsu da wannan zane da tawada su ne har yau likita ke fara yi kafin ya taɓa wuƙa. Bayansa Bulus na Ajina, likitan Iskandariyya na ƙarni na 7, ya tattara abin da Yunanawa suka sani, kuma littafinsa yana daga cikin waɗanda aka mayar Larabci a zamanin Abbasiyawa.

A nan ne ya kamata mai bincike ya dakata, domin a hannun likitocin daular Musulunci ne ilmin ido ya zama fanni mai zaman kansa, da ma'abotansa da litattafansa. Hunainu bn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya wallafa maƙaloli goma a kan ido. Sa'an nan wajen shekara ta 1000 Aliyu bn Isa al-Kahhal na Bagadaza ya rubuta Tazkiratul Kahhalin, inda ya kasa aikin kashi uku, na farko a kan halittar ido, na biyu a kan cututtukan da ake gani a zahiri, na uku a kan ɓoyayyu, ya kuma siffanta cuta wajen 130. A kashi na biyu ne ya kawo sakin fatar ido da yadda ake rage ta, har da dabarar matse fatar da ta yi yawa tsakanin siraran itace biyu a ɗaure, a bar ta kamar kwana goma, jini ya daina kai mata, ta mutu ta faɗi da kanta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci cututtukan fatar ido a cikin littafinsa Alƙanun kamar yadda ya ambaci sauran cututtuka, kuma shahararsa ce ta sa ake gaggauta kiran sunansa. Amma mai neman tafsilin aikin hannu, a wajen kahhalai, wato likitocin ido, da masu fiɗa zai same shi.

Babu wanda ya kai Abul Ƙasim az-Zahrawi bayani a wannan babi. Shi mutumin Andalus ne, ya yi aiki a Kurɗuba zamanin Halifa Alhakam na biyu, ya rasu wajen 1013, kuma maƙala ta 30 ta littafinsa At-Tasrif ya keɓe ta ga fiɗa, da zanen kayan aiki kusan 200. Ya kira aikin tashmiri, ya ce ana yin sa ta hanya huɗu: da ƙarfe mai zafi, ko da magani mai cin fata, ko da yanka da ɗinki, ko da kara biyu. A hanyar yanka, likita yakan ɗora kan majinyaci a cinyarsa, ya fitar da siffar ganyen itacen da Larabawa ke kira as a kan fatar, dogo mai tsini a bakinsa biyu kamar ganyen lalle, girmansa gwargwadon yadda ake so fatar ta ɗagu, sa'an nan ya feɗe abin da ke cikin zanen, ya haɗa bakin raunin da allura da siririn zare, ya manne ragowar zaren a saman gira na 'yan kwanaki. Wanda ya kwatanta wannan siffa da wadda ake yankewa a fatar sama a asibitocin yau zai ga bambancin ba shi da yawa. Bugu da ƙari ya yi wani babi a kan shirnaƙ, wani kitse da ke taruwa a fatar sama yana nauyaya ido, galibi ga yara: a tsaga fatar a kwance, a matsa har farin kitsen ya ɓullo, a kama shi da yatsu naɗe da ƙyalle ana juyawa dama da hagu har ya fita, tare da kiyaye kada wuƙa ta zarce ta taɓa ƙwayar ido.

Wajibi ne a faɗi cewa maƙasudin waɗannan malamai tsare gani ne. Babbar illar da suke yaƙi da ita ita ce juyawar gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido dare da rana har ya dushe ta, abin da cutar tirakoma ke haddasawa a ƙasashe masu zafi da ƙura da ƙarancin ruwa. Su kuwa suna rage fata ne domin bakin fatar ya ɗagu, gashin ya kau da kai. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda aka san tsofaffin mata da ba su rabuwa da matsefata don tsige gashin da ke sukar su, kuma har yanzu ana yi wa mutane fiɗar gyara shi a karkara, ko da yake da wata dabara dabam.

Turai ta karɓi wannan ilmi ta hanyar tarjama, domin Gerard na Kiremona ya mayar da maƙalar Zahrawi Latin a Ɗulaiɗila cikin ƙarni na 12, aka yi ƙarnoni ana karanta ta. A 1583 Georg Bartisch ya buga littafinsa na ido a Jamus, da zanen wani mamatsi na fatar ido wanda ba kome ba ne face karan nan biyu an ƙera su sabuwar ƙira. Amma shekarar 1818, wadda ake yawan kafawa a matsayin mafari, ita ce shekarar da Karl Ferdinand von Graefe na Balin ya sa wa aikin sunan da ake kiransa da shi yau, alhali abin da shi ya yi sake gina fatar ido ce da ciwo ya cinye. Ranar suna ce, kuma bai dace a mai da ita ranar haihuwa ba. Wadda ta fi ta muhimmanci ita ce 1844, lokacin da Jules Sichel a Paris ya bayyana cewa wani kumburin fatar ido kitsen kwarmi ne ya turo.

Abin da ya buɗe ƙofar yin fiɗa domin ƙawa shi ne tsabtace rauni daga ƙwayoyin cuta, wanda Joseph Lister ya bayyana a 1867, da maganin kashe zafi a gurbi ɗaya, wanda Karl Koller ya fara gwadawa a ido a 1884. Domin mai lafiya ba ya miƙa idonsa ga wuƙa muddin azaba tabbas ce, ruɓewar rauni kuma abin tsoro. Charles Conrad Miller na Shikago ya rubuta a kan yanke fatar da ta yi jaka a gefen ido a 1906, ya bi da littafi a kan fiɗar ƙawa a 1907. A 1924 Julien Bourguet a Paris ya nuna yadda ake cire kitsen fatar ƙasa ta cikin fatar, ba tare da barin tabo a waje ba, kuma a 1926 Suzanne Noël, ita ma a Paris, ta buga littafinta mai hotunan majinyata kafin aiki da bayansa. A 1951 Salvador Castañares a Amurka ya tantance cewa kitsen yana zaune ne a aljihu biyu a sama, uku a ƙasa, kuma a kan wannan rabo aka gina aikin zamani.

Gabashin Asiya yana da nasa reshe, wato yin ninki a fatar sama ga wanda aka haifa ba shi da shi. Sau da yawa ana jingina shi ga Ralph Millard, likitan sojan Amurka a Koriya, saboda abin da ya buga a 1955, amma likitan Japan Mikamo ya riga shi da kusan shekara sittin, ya siffanta yin sa da zare tun 1896. A batun kitsen fatar ido kuwa, daga 1981, da aikin Raul Loeb na Barazil, sa'an nan Sam Hamra na Amurka a 1995, likitoci suka karkata ga shimfiɗa kitsen a inda fuska ta rame maimakon kwashe shi, bayan an ga yawan cirewa yana barin ido a zurme.

Fuƙaha'u sun bambanta tsakanin gusar da aibi da canza halittar Allah, suna kafa hujja da ƙissar Arfajatu bn As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi aka yi masa izinin sanya na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta fiɗar da ke mayar da amfanin gaɓa ko gyara nakasa, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar sura bisa son rai. Ta fuskar ɗibbu kuwa, aikin yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu, a cire zare cikin mako guda, amma yana iya barin bushewar ido, ko zazzagowar fatar ƙasa, ko rashin rufuwar ido, kuma a nadiri jini yakan taru a bayan ƙwayar ido ya jawo makanta. Saboda haka duk wanda fatar idonsa ta saki ko ta kumbura, ya fara zuwa wurin ƙwararren likitan ido a bincika, domin ciwon ƙoda da na maƙoƙo da raunin tsokar da ke ɗaga fatar duk suna iya zuwa da wannan kama, kuma yanke fata ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.