Fa'idar Wasiƙar Talla wajen Neman Masu Sayen Inshora: Nazarin Hujjoji Biyu daga Holan da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'alar aika wasiƙun talla ta gidan waya zuwa ga mutanen da aka zaɓo da sunansu, ta kuma nuna cewa a sha'anin inshora ba yawan masu amsawa ne kaɗai ma'aunin riba ba, har da irin mutanen da suka amsa.

Hujja ta farko

A shekarar 2000 aka shirya wata gasa ta masana lissafi da kwamfuta mai suna CoIL Challenge, inda aka miƙa musu bayanan abokan hulɗar wani kamfanin inshora na ƙasar Holan su 5,822, aka ce su yi ƙiyasi da su a kan wasu mutum 4,000 dabam, su tsamo 800 waɗanda suka fi cancanta a aika wa wasiƙa game da inshorar ɗakin tirela, wato wanda Turawa ke ja da mota zuwa hutu. Daga cikin 4,000 ɗin, 238 ne ke da wannan inshora a haƙiƙa. Saboda haka wanda ya ɗebo 800 ido rufe zai dace da kimanin 48, alhali kuwa Charles Elkan, wanda ya zo na ɗaya, ya dace da 121. Natijar a bayyane take: da ambulan ɗaya da kan sarki ɗaya, zaɓe ya ninka abin da ake samu fiye da sau biyu. Sai dai wajibi ne a lura, ko gwanin gwanaye bai wuce kimanin mutum 15 cikin 100 ba, kuma alamar da ta fi ƙarfi ita ce mutum ya riga ya mallaki inshorar mota a kamfanin, abin da tsohon akawu ma zai iya faɗa ba tare da na'ura ba.

Hujja ta biyu

Amma kamfanin inshorar mota na GEICO na Amurka, wanda Leo Goodwin da matarsa Lillian suka kafa a 1936, shi ne ya fi bayyana sirrin al'amarin, domin kuwa Goodwin, da yake ya yi aiki a USAA mai yi wa hafsoshin soja inshora, ya fahimci cewa ma'aikatan gwamnati, masu albashi tabbatacce da natsuwa a kan sitiyari, ba su cika yin haɗari ba, sai ya taƙaita wasiƙunsa gare su, ya tsallake dillali da la'adarsa, ya rangwanta farashi, ribarsa kuma ba ta ragu ba. Wannan tsari ne ya ja hankalin Warren Buffett tun yana ɗalibi, lokacin da ya je ofishinsu a Washinton a 1951. Abin lura a nan shi ne jerin sunayen yana aiki biyu a lokaci guda: yana kai talla, yana kuma tankaɗe masu kasada tun kafin a buɗe ambulan.

Da kamfanin ya buɗe ƙofa ga kowa a farkon shekarun 1970, wannan tankaɗe ya kau, sai ga hasarar kimanin dala miliyan 126 a 1975, ya kusa durƙushewa. Adalci dai a ce hauhawar farashi da ƙarancin kuɗin da aka tanada domin biyan diyya su ma sun taimaka, kuma su ne John Byrne ya fara magancewa da ya karɓi ragama a 1976, ta hanyar ƙara farashi da sallamar abokan hulɗa masu yawa.

Tattaunawa

Illar da masana tattalin arziki suka yi wa sharhi, tun daga George Akerlof a 1970 zuwa Rothschild da Stiglitz a 1976, ita ce a sha'anin inshora mai saye ya fi mai sayarwa sanin halin kansa. Wanda ya san yana da ciwo ko mugun tuƙi shi zai riga kowa cike takarda ya mayar. Mai sayar da littafi ba ruwansa da wannan, da an biya shi ciniki ya ƙare, amma mai inshora daga ranar biya ne alhakinsa ke somawa. Gasar Holan ta auna wa zai saya, ba ta auna wa zai zo neman diyya ba, don haka a ra'ayina hukuncinta rabi ne. Sharaɗin da ya kamata kamfani ya gindaya shi ne ya bi kowane rukunin wasiƙu na tsawon shekaru, ya haɗa kuɗin bugu da na aikawa da diyyar da ya biya, ya cire su daga abin da mutanen rukunin suka zuba, sa'an nan ya gwada da rukunin da dillalai suka kawo.