Yadda Gasar Sarakuna Ta Gina Dandalin Fadar Patan

Birnin Patan, wanda ake kuma kira Lalitpur, yana kwarin Kathmandu a ƙasar Nepal, kogin Bagmati ne kawai ya raba shi da babban birnin ƙasar. A tsakiyarsa akwai dandali mai daɓen jan bulo: fada ta miƙe a gabas, wuraren bauta sun yi sahu suna fuskantar ta daga yamma. Wurin tsohon mazauni ne, domin mashayar ruwa ta Manga Hiti da ke gefen fadar tun shekarar 570 take. Amma yawancin gine-ginen da ake gani yau aikin sarakunan gidan Malla ne.

Asalin abin rabon gado ne. Da Sarki Yaksha Malla ya rasu a 1482, ƙasarsa ta tsage, aka wayi gari da masarautu uku a kwari ɗaya: Kathmandu da Bhaktapur da Patan. Dangi ne, amma kowa na so a ce fadarsa ta fi. In wannan ya ɗaga haikali, sai wancan ya ɗaga wanda ya fi shi tsawo. Kuɗin wannan gasa kuwa daga fatauci suke fitowa, don ayarin da ke kai kaya tsakanin Indiya da Tibet ta kwarin yake bi, har sarakunan Malla ne ke buga wa Tibet kuɗin azurfa.

A Patan, Sarki Siddhi Narsingh Malla ne ya fi barin suna. A 1637 ya kammala haikalin Krishna, ginin dutse zalla a garin da aka saba da bulo da katako, mai ƙoƙuwa 21, an sassaƙa labaran Mahabharata da Ramayana a jikinsa. A 1647 ya gina farfajiyar Sundari Chowk, da wurin wankan sarki da aka haƙa ƙasa aka kewaye da siffofin dutse. Ɗansa Srinivasa Malla ya sabunta babbar farfajiyar Mul Chowk, ɗan Srinivasa, Yoganarendra Malla, kuma siffarsa ta tagulla na zaune bisa dogon ginshiƙi, tana kallon fada.

Sarakuna sun ba da umarni, amma hannun Newar, mutanen kwarin na asali, shi ya yi aikin. Sana'a a wurinsu gado ce. Masassaƙa su ne suka ƙawata tagogi da tokaren da ke ɗauke da rufin hawa-hawa. Maƙera kuma sukan fara siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Mabiya addinin Hindu da na Buddha duk sun yi aiki a wannan dandali.

Mulkin Malla ya ƙare a Patan a 1768, lokacin da Prithvi Narayan Shah na Gorkha ya ci birnin. Sarauta ta koma Kathmandu, fada ta rasa mai ita. Girgizar ƙasa ta 1934 ta yi mata ɓarna, kafin UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. A 1997 aka buɗe gidan tarihi a wani sashen fadar, da taimakon ƙasar Austriya.

Ranar 25 ga Afrilu 2015 ƙasa ta sake girgiza, haikalin Char Narayan da na Harishankar suka zube. Mutanen unguwa suka fito suna tsince katakan sassaƙa daga baraguzai, aka adana su cikin fada. Da waɗannan tsofaffin katakai aka sake tayar da gine-ginen biyu, inda suka karye masassaƙan Newar suka cike giɓi. Abin ya yiwu ne saboda sana'ar ba ta mutu tare da sarautar ba: shekara fiye da 200 bayan faɗuwar gidan Malla, iyaye na nan suna koya wa 'ya'yansu ita.